Daga mashayar Liverpool zuwa bencin ataya: ko bes zai iya zama wurin tunani?

A birnin Liverpool na Ingila akwai wata ƙungiya da ake kira Philosophy in Pubs, wato falsafa a gidajen giya. Tun 2001 suke abinsu. Mutane ne gama-gari, ma'aikaci da ɗan fansho da wanda bai taɓa taka jami'a ba, su haɗu a mashaya, su zaɓi tambaya guda, su yi ta juya ta har lokaci ya cika. Mene ne adalci? Me ake nufi da 'yanci? Ba jarrabawa, ba satifiket. Kafin su, wani malamin falsafa mai suna Marc Sautet ya fara irin wannan zama a birnin Paris cikin Disamban 1992, a gidan shan gahawa na Café des Phares da ke dandalin Bastille, kowace Lahadi da hantsi. A Amurka kuma Christopher Phillips ya soma nasa a 1996, ya kira shi Socrates Café, ya riƙa kai shi makarantu da gidajen tsofaffi har da gidajen kaso.

Na san mai karatu a Alajo ko Nima zai ce, to Malam, mu me ya haɗa mu da gidan giya? Babu, kuma kada Allah ya haɗa. Amma giyar ba ita ce maganar ba. Baturen Ingila ya kai falsafa mashaya ne domin can mutanensa suke zama idan an tashi aiki. Bai gina sabon ɗaki ya ce a zo ba, ya bi jama'a inda suke. Mu kuwa inda muke zama sananne ne: bes.

Duk wanda ya tashi a zango ya san bes. Benci biyu ko uku a bakin lungu, ko gaban shagon tela, ko ƙarƙashin rumfar kwano. Kurfoti da gawayi, 'yar buta, ganyen shayi, sukari da na'a-na'a, sai ƙananan kofuna da ake ta juya ataya a ciki har kumfa ta tashi. Kusan kowane bes da sunansa, wani na birnin Turai ko Amurka, wani na ƙungiyar ƙwallo. Daga Nima zuwa Maamobi, New Town, Fadama, Sabon Zango, labarin ɗaya ne. 'Yan'uwanmu na Nijar suna kiran nasu fada, har wata mai bincike, Adeline Masquelier, ta rubuta littafi sukutum a kansa a 2019. A Kano su ce majalisa. Bes ne ke haɗa kuɗi idan matar ɗaya ta haihu, shi ke ɗaukar makara, shi ke samo wa wanda ya rasa aiki hanyar abinci. Duk mai zagin bes kacokan bai san zango ba.

Sai dai shi ma mai yabonsa kacokan bai faɗi gaskiya ba. Idan zaɓe ya matso, bes ne wurin farko da motar ɗan siyasa take tsayawa. Bayan tashin hankalin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon ranar 31 ga Janairun 2019, majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa a wannan shekarar, kuma mun ji irin maganganun da aka riƙa yi a rediyo game da yaran zango. A Janairun 2022 ma duk ƙasa ta kalli bidiyon samari suna bin juna da adduna da bindiga tsakanin Nima da Maamobi. Yaron da bai saba tambayar "don me?" ba, shi ne mai sauƙin saye da sidi hamsin da riga mai hoton ɗan takara.

Ba a rasa musu a bes. Musu ma ya yi yawa. Hearts da Kotoko, Messi da Ronaldo, NDC da NPP, wane malami ya fi wane. Abin da babu shi ne tambaya, da kuma tsari. A musunmu mai babbar murya shi ne mai gaskiya, kuma ba a taɓa tashi wani ya ce, chale, ka canza mini ra'ayi. A ɗauki wannan zaman da wannan kaifin bakin, a ba shi tambaya ɗaya da ƙa'ida biyu ko uku, an yi abin da mutanen Liverpool suke yi, ba tare da an kusanci kwalba ba.

Tsoron kalmar falsafa

A nan ne gizo ke saƙa. Da ka ambaci falsafa a gaban wasu, sai fuska ta canza, a ce ilmin kafirai ne, mai shigarsa ƙarshensa musun Allah. Tsoron yana da tushe, bai kamata a yi masa dariya ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta Tahafutul Falasifa, ya kafirta masana falsafa irin su Ibn Sina a kan mas'aloli uku. Amma shi wannan Gazalin bai yar da ilmin manɗiƙi ba, wato ilmin auna hujja, har ya sa shi a gabatarwar littafinsa na usulul fiƙhu, Al-Mustasfa. Wanda ya mayar masa da martani kuwa, Ibn Rushd na Ƙurɗuba da ya rasu a 1198, alƙali ne Bamalike, kuma shi ne mai Bidayatul Mujtahid da malamanmu suke karantarwa har gobe.

Mu zo gida. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa littafin yadda ake mulki, ya yi jayayya a rubuce da Imam Suyuɗi na Masar a kan wannan manɗiƙin. Suyuɗi ya ce haramun ne, Magili ya kare shi da baitocin waƙa, Suyuɗi ya amsa da nasa. Manyan malamai biyu, saɓani a fili, kuma cikin girmama juna. A daular Sakkwato akwai Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Nana Khadija, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya yi rubuce-rubuce a kan falsafa, ba a ɓoye ba. A nan Ghana kuma muna alfahari da Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, wanda ya zauna ya yi tunani mai zurfi a waƙe kan zuwan Turawa da kan talauci. Ƙasar ma da muke ciki ta haifi Anton Wilhelm Amo, ɗan yankin Axim da ya koyar da falsafa a jami'o'in Halle da Jena na Jamus tun ƙarni na 18, da Kwasi Wiredu da Kwame Gyekye na Legon waɗanda suka nuna cewa ana iya yin falsafa da kalmomin Akan. Idan Akan ta ɗauka, ban ga abin da zai hana Hausa ba.

Duk da haka ra'ayina shi ne a ja layi tun ranar farko. Bes ba wurin fatawa ba ne. Abin da ya shafi aƙida da hukunci, da saɓanin Tijjaniyya da Ahlus Sunna, a bar wa malamai da zaurukansu. Ba don tambayar haramun ce ba, sai don wanda bai yi karatun ba zai yi ɓarna fiye da gyara, kuma zaman zai watse a mako na biyu. Abin da ya rage bayan an cire wannan ya ishe mu shekara goma.

Tambayoyin da ke bakin ƙofarmu

Ɗauki kalmar kirki. A 1974 wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya fitar da ɗan littafi mai suna Mutumin Kirki, inda ya tattara halaye goma da Bahaushe yake auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kowa a bes zai gyaɗa kai. To, a kawo misali. Ga yaro ya yi kuɗi ta sakawa, ya damfari wata tsohuwa a ƙasar waje da ba wanda ya san ta. Ya biya wa uwarsa Hajji, ya haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse, ba ya wuce dattijo bai durƙusa ba. Mutumin kirki ne? Yana da karamci da ladabi, ba shi da gaskiya da amana. Halayen nan goma darajarsu ɗaya, ko akwai wanda idan ya faɗi sauran sun bi shi? Mu da muke ɗibar ruwan rijiyar fa, ina matsayinmu? Wani zai ce ai su ma Turawa sun sace mana. Madalla, an samu hujja, sai a auna ta: zaluncin da kakan wani ya yi wa kakanka yana halatta maka dukiyar jikarsa? Kalmar sakawa ɗin ma da duk Ghana take amfani da ita daga bakinmu ta fito, saboda haka tambayar tamu ce kafin ta zama ta kowa.

Ko a ɗauki haƙuri. Mu mutanen Alajo da muke kwana kusa da Odaw mun san abin da damina take nufi, kuma ba wanda ya manta daren 3 ga Yunin 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka ci rayuka wajen 150. Duk shekara ruwa ya shiga ɗaki, mu kwashe, mu ce sai haƙuri. A ina haƙuri yake ƙarewa, sakaci ya fara? Wanda ya jefa ledar fiya wata ɗaya a kwata yana da laifi, alhali ledarsa ita kaɗai ba za ta toshe komai ba? Idan kowa yana da ɗan laifi kaɗan, wa za a kama?

Akwai kuma wadda ta fi ciwo: wane ne ɗan ƙasa? Dattawanmu suna tuna dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969, yadda zango ya wayi gari gidaje babu mutane. Har yau akwai wanda aka haifi kakansa a Ankara, amma idan ya je neman Ghana Card sai sunansa ya sa a tambaye shi ainihin garinsu. Haihuwa ce take sa mutum ya zama ɗan wuri, ko jini, ko takarda, ko wahalar da ya sha wa wurin? Matashin da ya taɓa zama ya warware wannan da abokansa, ranar da aka yi masa tambayar a ofis ba zai tsaya da zagi kawai ba.

Yadda za a fara

Ba a bukatar rajista ko shugaba ko ma'aji. Da an sa kuɗi da muƙami, an gayyaci rigima da 'yan siyasa. Mutum shida zuwa goma sha biyu sun isa. Rana ɗaya a mako, bayan la'asar, a tashi kafin kiran magariba, wanda shi ne agogon da ba mai jayayya da shi. Atayar da kanta ta raba zaman uku. A zagayen farko mai ɗaci, kowa ya kawo tambaya, a ɗaga hannu a zaɓi ɗaya. A na biyu a baje hujjoji. A na uku mai zaƙi, kowa ya faɗi inda ya tsaya da abin da ya ji daga bakin wani wanda bai taɓa tunaninsa ba.

Ƙa'idar da na fi ba muhimmanci na ɗauko ta ne daga aji, don mu malaman makaranta mun san ta: kafin ka soki maganar mutum, sai ka maimaita ta da bakinka har ya yarda cewa abin da ya faɗa ke nan. Rabin musun bes a nan yake mutuwa, domin sau da yawa ba a ma ji juna ba. Sai a ajiye waya, kuma mai jagorancin zama ya riƙa canzawa kowane mako. Aikinsa raba magana, ba yanke hukunci ba. Wanda ya yi digiri ya rage Turanci. Idan bai iya faɗin abin da Hausar da mai gyaran babur zai gane ba, akwai alamar shi ma bai gama ganewa ba.

Abu biyu za su ba da wahala. Na farko girma. An tarbiyyantar da mu kada yaro ya musa wa babba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Idan Alhaji ya zauna a benci ya ce kaza, wa zai ce Baba, ban yarda ba? Dabara ita ce ƙanana su fara magana, babba ya zo a ƙarshe, kuma a koya wa yara su sa saɓaninsu cikin tambaya: Baba, idan haka ne, to yaya za a yi da kaza? Dattijon kirki ba ya jin haushin wannan.

Na biyu mata. Bes na maza ne, kuma ba na ganin za a wayi gari 'yan mata suna zaune a bencin bakin lungu, iyayensu ma ba za su bari ba. Amma a ajina sau da yawa tambaya mafi kaifi daga layin 'yan mata take fitowa, kuma maganar kunya ko haƙuri ko adalcin gida da aka yi babu su, rabin magana ce. Nasu zaman sai ya nemi wani wuri: tsakar gidan wata Hajiya da ake ganin girmanta, ko ajin makaranta ranar Asabar da yamma, idan shugaban makarantar ya yarda ya ba da makulli.