Karatun 'Ya'ya A Ƙetare: Faɗuwar Naira Ta Sauya Lissafin 'Yan Kasuwar Agege

Tun zamanin da jirgin ƙasa ke sauke shanu yana ɗaukar goro, Agege ta zama matattarar Hausawa a Legas. Cikin jikokin waɗancan fatake akwai masu tura 'ya'yansu karatu Masar, Sudan, Indiya, Sin da Ingila. Sai dai cinikin uba da naira ake yinsa, makaranta kuwa dala ko fam take karɓa.

Wannan giɓi ya fito fili ne a watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe farashin canji ya bar kasuwa ta yi halinta. Kafin nan dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan uban da ke biyan dala 5,000 a shekara, wanda a da naira miliyan 2.3 kan ishe shi, ya wayi gari yana neman miliyan 7.5, alhali makaranta ba ta ƙara ko sisi ba.

A da, iyaye kan cike takardar neman kuɗin waje ta banki su sami dala da rahusa, ko da yake akan yi watanni ana jira. Wanda wa'adi ya matsa sai ya nufi 'yan canji, sana'ar da Hausawa suka yi fice a cikinta daga Ikeja har Wapa a Kano. Bayan 2023 rahusar ta kau.

Nauyin ba ƙarami ba ne. A Fabrairun 2024 gwamnan bankin, Olayemi Cardoso, ya shaida wa Majalisar Wakilai cewa karatu a ƙetare ya ci dala biliyan 28.65 tsakanin 2010 da 2020. A Mayun 2024 kuma, Jami'ar Teesside da ke Ingila ta dakatar da wasu ɗaliban Nijeriya da suka kasa cika kuɗin makaranta, abin da ya taɓa izinin zamansu.

Ba canji kaɗai ke jawo asara ba. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya sa aka kwaso dubban ɗaliban Nijeriya, da yawansu 'yan Arewa, karatu bai ƙare ba.

Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa ya ɗauki kuɗin makaranta tamkar bashin dala na shekara huɗu ko shida. Ya lissafa har da masauki, abinci, biza da tikitin jirgi. Ya ware kuɗin daga jarin kasuwa. Ya riƙa tara dala kaɗan-kaɗan a asusun kuɗin waje na banki. Ya biya makaranta kai tsaye, ya adana rasit. In lissafin bai kai shekarar ƙarshe ba, gara a nemi gurbi a gida, domin ɗalibin da ya dawo a aji uku ba shi da takardar shaida, kuɗin kuwa sun tafi.