Ciwon Sukari Da Ido: Jini Ke Fara Ba Da Labari

Jama'a 'yan uwa fatake da dillalai, masu magana sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Da shi muke yi wa sa kuɗi tun daga nesa, da shi muke ƙirga sefa da naira a kan iyaka. To, ga ciwon sukari nan yana cin idon abokan sana'armu a ɓoye, ba zafi ba ƙaiƙayi.

Can bayan ido akwai wani tantani mai ɗauke da ƙananan jijiyoyin jini. In sukari ya daɗe da yawa a jiki, sai jijiyoyin su raunana su riƙa yoyo, wasu su toshe. Mutum na iya shekaru a haka yana gani garau, sai rana ɗaya hazo ya rufe masa ido.

Amma jini kan tona asiri tun da wuri. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai furotin da ake kira hemogulobin, sukari yana manne masa. Da yake ƙwayar kan rayu kamar kwana 120, awonsa na nuna yadda sukari ya kasance wata 2 zuwa 3 baya. Sunan awon HbA1c, haka ake rubuta shi ko a Maraɗi ko a Kano. Awon tsinin yatsa da safe kamar saniya ce da aka ɗura wa kanwa da ruwa ranar kasuwa, tana iya ruɗin mai saye. Wannan kuwa duban haƙori ne.

A 1993 aka bayyana sakamakon wani bincike kan mutum 1,441 masu allurar insulin a Amurka da Kanada. Cikin waɗanda ciwon bai riga ya taɓa idonsu ba, tsananta kula da sukari ya rage haɗarin da kashi 76 cikin 100. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da 6.5 a matsayin alamar ciwon sukari, domin daga nan ne ciwon idon ke fara yawaita. Ga mai ciwon, likitoci kan so awon ya tsaya ƙasa da 7.

Sai dai a kula: sikila ko ƙarancin jini na iya karkatar da lissafin, don haka a faɗa wa likita. Kuma awon jini bai ɗauke wa mutum zuwa wurin likitan ido ba, a ɗiga magani a leƙa ciki, sau ɗaya a shekara. In an riski abin da wuri, akwai allurar ido da ƙonawa da haske.

Mu da muke kwana a bayan tirela, shayi mai sukari safe da yamma, magani kuma an baro shi gida, mu ne abin ya fi shafa. A riƙe magani a aljihu tare da takardun dabbobi, a auna hawan jini ma. Allah Ya bar mu da idanunmu, amin.