Fatar alminiyam da yadda soda ke cinye ta

Ranar Lahadi, a kasuwar Tawa, in mutum ya zaga rumfunan ƴan koli da na masu kayan moto, zai ga abubuwa da yawa na wani ƙarfe marar nauyi mai launi mai ƙyalli: tocila ja, maƙalin makulli shuɗi, hannun birkin moto mai ruwan zinariya. Ƴan Adar da ke dawowa daga bida, daga Abijan ko Libiya, sukan zo ma ƙannensu da tsarabar ƙaramar motar wasa wadda ake tuƙawa daga nesa da rimot. Mafi yawan motocin nan na roba ne. Amma masu tsada a cikinsu suna da ƙafafu da ƴan sanduna na irin wannan ƙarfe. Sunansa alminiyam. Wasu na ce masa sanholo, wasu goran ruwa. Shi ne dai ƙarfen da maƙera ke narkawa su zuba tukwane da ludaya.

Launin nan yana da abin mamaki. Ko an wanke shi da sabuni ko omo, ba ya fita. Ko an goge shi da esansi, yana nan. Farce ba ya ɓamɓare shi kamar yadda yake ɓamɓare fenti. Amma in ruwan soda ya taɓa shi, irin sodar da mata ke saye don haɗa sabuni, cikin ƴan mintoci sai launin ya zube, ƙarfen ya koma fari. Mi ya kawo haka?

Ƙarfe mai fata

Alminiyam ba tsohon ƙarfe ba ne a hannun mutane. A shekarar 1825 ne wani masani na ƙasar Danmak, mai suna Oersted, ya fara fidda shi, ɗan kaɗan. Sai a 1886 aka gano hanyar samun sa da yawa da wutar lantarki. Mutum biyu suka gano ta a shekara ɗaya, kowa a ƙasarsa: Hall a Amurka, Héroult a Faransa. Ana samun ƙarfen daga wata jar ƙasa da ake kira boksit. Ƙasar Gine tana cikin waɗanda suka fi kowa arzikinta a duniya. Tan 4 zuwa 5 na boksit ke ba da tan ɗaya na alminiyam.

Nauyinsa kamar kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin baƙin ƙarfe. Yana narkewa a digiri 660, shi kuwa baƙin ƙarfe sai ya wuce digiri 1500. Shi ya sa maƙeri, da gawayi da zugazugi kawai, yake iya narka tsohon fistan na mota ya mai da shi tukunya.

Kowa ya san in aka bar hauya a waje da damana, tsatsa za ta kama ta. Tukunyar alminiyam kuwa sai ta shekara a tsakar gida ba ta yi ja ba. Ba don iska ba ta taɓa ta ba ne. Iska tana taɓa ta, har ma da sauri ƙwarai. Da zarar an kankare alminiyam, nan take iskar da ake shaƙa za ta haɗu da fuskarsa, ta yi masa wata fata siririya wadda ido ba ya gani. Tsatsar baƙin ƙarfe tana ɓarɓashi tana faɗuwa, iska ta ƙara cin na ƙarƙashi. Fatar alminiyam ko tana manne gam, ta toshe ma iska da ruwa hanya. Ita ce garkuwarsa.

Yadda ake rina shi

Masu izini sun koyi yadda za su ƙara ma fatar nan kauri. Suna tsoma ƙarfen cikin wani ruwa mai tsami ƙwarai, dangin ruwan batirin mota, sannan su sako wutar lantarki ta bi ta cikinsa. Sannu a hankali fatar na girma daga jikin ƙarfen kansa. A Ingila aka fara wannan aiki, a 1923, don kare sassan jiragen sama masu sauka a kan teku daga cin ruwan gishiri.

Duk da haka kaurin bai taka kara ya karya ba. In aka raba milimetir ɗaya gida 1000, fatar kayan ado ba ta cika wuce gida 5 zuwa 25 ba. Silin gashin kai ya fi ta kauri. Amma tana da tauri sosai, ta fi ƙarfen da ke ƙarƙashinta tauri nesa ba kusa ba.

Sabuwar fatar cike take da ƴan ramu ƙanana, jere kamar saƙar zuma. Nan ne launi ke shiga. Ana tsoma ƙarfen cikin ruwan rini, ja ko shuɗi ko kore, ramun su sha. Daga nan a dafa shi cikin tafasasshen ruwa, bakin ramun ya kumbura ya rufe, launin ya kulle a ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin dukawan Tawa zai gane wannan. Baduku ba ya shafa ma fatar akuya fenti. Karan dafi yake sa mata ta sha, jan ya shiga jikinta. Fenti riga ce, ana tuɓe ta. Rini kuwa ya zama jiki.

Akwai gwaji marar haɗari da ɗan lakwal zai iya yi. A samo pil ɗaya, da ƙwan tocila, da waya biyu. In aka haɗa su ta kan cokalin alminiyam da aka goge, ƙwan zai kama. In aka ɗora bakin wayoyin a kan jan jikin tocila da aka rina, ba zai kama ba, don fatar mai kauri ba ta barin wuta ta wuce. Haka fenti ma yake hanawa, amma shi fenti farce ko bakin wuƙa na tone shi.

Aikin soda

Ranar Adar ba ta raga ma launi. Bayan shekara ɗaya ko biyu, jan ƙarfen moto yakan koɗe. Wani kuma sassan motar wasarsa ne suka sha bamban, wannan shuɗi, wancan ja, yana so su zama fari duka. Sai a nemi abin da zai fidda launin.

Soda ba wanke launin take yi ba. Narkar da fatar take yi gaba ɗaya, launin ya rasa mazauni ya bi ruwa. Da irin wannan soda ce ma izini ke narka boksit tun farko don a raba shi da jar ƙasa. A ƙasashen Turai da Amurka, masu wasa da motocin rimot sukan yi amfani da maganin wanke murhun gashi ko na buɗe bututun ruwa, don akwai soda a ciki. Ruwan jabel ma yana ci, amma a hankali, kuma yana barin tabo.

Ga yadda babba wanda ya san aikin yake yi. Yana fita fili inda iska ke kaɗawa. Yana sa safar hannu ta roba, ya kare idonsa da tabarau. Yana zuba ruwan sanyi cikin kwanon roba, sannan ya sa ƴar soda kaɗan a cikin ruwan. Ba a zuba ruwa a kan soda, don tana zafi ta fantsamo. Ya cire duk wani kusa da roba daga jikin ƙarfen, ya tsoma shi, ya zuba ido. Ruwan zai fara kumfa, ya rine. Da launin ya fita sai ya tsamo ƙarfen maza, ya ɗauraye shi da ruwa mai yawa. Sau da yawa ƙarfen yakan fito da baƙi-baƙi kamar kunkunniya: ragowar wasu ƙarafa ne da aka gauraya da alminiyam, waɗanda soda ba ta ci. Sai an goge shi kafin ya yi haske.

Kumfar nan ita ce alamar soda ta gama da fata, ta shiga cin nama. Ba ta san inda za ta tsaya ba. In aka yi sakaci, ƙarfen ya rame, ramin kusa ya faɗaɗa, ƙafar mota ta dinga girgiɗi a kan sandarta. Ko an yi aikin daidai, abin da ya rage ƙarfe ne mai laushi, wanda yashi ke karcewa cikin sauƙi. Fatar da iska za ta sake yi masa ba ta kai ko kusa da ta izini ba. A gari mai ƙura irin Tawa, sau da yawa ƙarfe mai koɗaɗɗen launi ya fi wanda aka feɗe daɗewa.

Wannan ba aikin yara ba ne. Iskar da ke fita cikin kumfar, sunanta idrojan, tana kama wuta. Ko ashana ko taba ba a kawowa kusa. In aka rufe soda da alminiyam cikin butali, butalin fashewa yake yi. Soda tana ƙona fatar mutum kamar yadda take cin ta ƙarfe, kuma ba kullum ake jin zafin nan take ba: hannu yakan fara yin santsi tukuna. Ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa. In ta taɓa jiki ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 20, sannan a tafi likita. Babban haɗari shi ne ruwan soda fari ne kamar ruwan sha. Yaron da ya kurɓe shi, maƙoshinsa na iya ƙonewa ya tsuke, cin abinci ya gagare shi. Ba a sa shi amai, ba a tsaya ba shi magani a gida. Likita za a nufa da shi da gaggawa. Don haka ba a ajiye ruwan soda cikin kofi ko butalin lemo.

Kanwa da tukunya

Abin nan bai tsaya ga motar wasa ba, ya shiga har madafa. Mai haɗa sabuni ba ta kaɗa soda cikin tukunyar alminiyam. Bokitin roba take nema, da muciyar itace. In ta manta, sabunin ya ɓaci, tukunyar ta huje.

Kanwa da ruwan toka ƙannen soda ne, ƙarfinsu bai kai nata ba. Su ma suna lasar fatar alminiyam. Shi ya sa cikin tukunyar da ake dafa wake da kanwa yakan yi duhu, in kuma abincin ya riƙa kwana a ciki, gindinta ya yi ƴan ramu kamar zanzana. Gara a juye abincin cikin wani kwano da an sauke, a wanke tukunyar a kife. In ta riga ta yi duhu, ba sai an kankare ta da yashi ba, don yashi rage mata kauri yake yi. A tafasa ruwan tsamiya ko na lemon tsami a cikinta na ƴan mintoci, duhun zai tafi. Kafin ta bushe, iska ta riga ta yi mata sabuwar fata.