Ko tufafi na tona asirin mai ɓoye ƙaramar bindiga?

Tun da matsalar 'yan bindiga ta addabi yankunan Madarunfa da Gidan Runji, mutane sun ƙara sa ido a kasuwanni da tasha. Wasu na cewa duk wanda ya sa kwat cikin zafi, ko ya naɗe fuska da rawani, to da makami a jikinsa. Shin haka ne?

Gaskiya tufafi kaɗai ba hujja ba ne. Babbar riga kayan kowa ce, rawani al'adar Buzaye da Fulani da malamai ce, 'yan kabu-kabu kuma kwat suke sawa don iska da ƙura.

Abin da jami'an tsaro ke dubawa shi ne yadda rigar ta zauna. Ƙaramar bindiga da harsasai takan kai kusan kilo 1, don haka aljihu yakan rinjaya gefe guda, ko ƙugu ya yi tudu. Mai ita kuma yakan yawaita taɓa wurin, ko ya dafe shi in zai yi sauri. Amma salula, damin kuɗi ko guru duk suna iya yin hakan.

Saboda haka muna roƙo, kada a yi wa baƙo ihu ko taron dangi don rigarsa. Zato zunubi ne, kuma rai ba ya dawowa. In hankalinku bai kwanta ba, ku ja baya, ku sanar da mai gari ko jandarma. Bincike aikinsu ne.