Ɗan Ƙwallon da Ya Fito Daga Gidan Yari: Wa Ke Mayar da Shi Fili?

A watan Disamba na 1990 wata kotu a Ingila ta ɗaure Tony Adams, kyaftin ɗin Arsenal, wata huɗu saboda ya tuƙa mota cikin maye har ya afka wa katanga. Ya yi kusan wata biyu a gidan yarin Chelmsford, ya fito a Fabrairu, ya koma ya ɗaura kambunsa, kuma a ƙarshen wannan kakar Arsenal ce ta ci kofin gasar Ingila. Saboda haka mai tambaya ko ɗan ƙwallo yana iya komawa fili bayan ya yi zaman kaso, amsar ita ce yana iyawa, an kuma sha gani. Abin da ya fi damuna shi ne wa ke yanke wannan hukunci, kuma da wane ma'auni.

Mutane da yawa sun ɗauka akwai wata doka ta FIFA da ke rufe wa tsohon fursuna ƙofa. Babu ita. Hukumar ƙwallon Ingila ma ba ta da ƙa'idar da ke korar ɗan wasa kai tsaye don kawai an taɓa ɗaure shi, ko da yake tana da ikon nisanta mutum daga harkar idan laifinsa ya shafi ƙananan yara. Abin da ƙa'idojin suka bayar shi ne kulob na iya soke kwantiragi idan yana da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma ɗauri na cikin irin waɗannan dalilai. Ko a nan ma zaɓi ne, ba dole ba. West Brom ta sallami Lee Hughes a 2004 da aka ɗaure shi. Newcastle ta riƙe Joey Barton a 2008. Watford ta jira Troy Deeney, wanda aka yanke wa wata goma a 2012 saboda faɗa, ya yi kusan wata uku ya fito, daga baya ya zama kyaftin, ya jagoranci kulob ɗin zuwa gasar Firimiya a 2015.

Inda hukumomin ƙwallo suka fi zare takobi shi ne laifin da ya taɓa wasan kansa. A 2019 FIFA ta haramta wa tsohon kocin Najeriya Samson Siasia shiga harkar ƙwallo har abada bisa zargin ya amince da tayin cin hanci don a murɗa sakamakon wasanni, sai a 2021 kotun wasanni ta duniya ta rage hukuncin zuwa shekara biyar. A 2013 kuwa, da aka tashi wasu wasanni biyu na neman hawa rukuni a Najeriya 79 da nema da kuma 67 da nema, hukumar NFF ta kori 'yan wasan har abada. Ba na jayayya da waɗannan hukunce-hukunce, domin wasan da aka sayar ba wasa ba ne. Amma abin takaici ne a ce ƙwallo na da rubutacciyar doka kan wanda ya cuci sakamako, ba ta da ita kan wanda ya cuci ɗan Adam.

Ko da doka ba ta rufe ƙofa ba, ƙofa ta farko da ke iya rufuwa ita ce ta jiki. Rayuwar ɗan ƙwallo a fili gajera ce, yawancinsu suna rataye takalmi tsakanin shekara talatin da 'yan kai zuwa talatin da biyar. Idan mutum ya daina atisaye, cikin 'yan makonni juriyarsa ta gudu za ta fara raguwa, kuma ɗaga ƙarfe a tsakar gidan yari ba ya maye gurbin guje-guje da juye-juyen minti casa'in. Wata biyu ko uku ana iya cike giɓinsu. Shekara uku kuwa wani abu ne daban. Breno, ɗan Barazil mai tsaron bayan Bayern Munich, yana matashin da ake sa wa ran zama babban ɗan wasa aka yanke masa shekara uku da wata tara a Jamus a 2012 saboda ya cinna wa gidan da yake haya wuta. Ya koma São Paulo bayan fitowarsa, ya buga wa Vasco da Gama, amma raunuka suka yi ta bibiyarsa, bai sake taka matakin da ya baro ba.

Baƙon ɗan wasa yana da ƙarin matsala, kuma ya kamata yaranmu masu burin zuwa Turai su san ta. A dokar Burtaniya, baƙon da aka ɗaure shekara ɗaya ko fiye yana fuskantar kora daga ƙasar, sai in ya samu wata hujja ta musamman. Ɗan ƙasa zai fito ya nemi kulob. Ɗan Afirka yana iya fitowa ya tarar an yanki tikitinsa na komawa gida.

Ko wanda ya fito da wuri, bai gama da hukuma ba. Jermaine Pennant ya yi kwana talatin a tsare a 2005 saboda tuƙi cikin maye, aka sake shi da sharaɗin sa wata na'ura a idon sawu mai nuna wa hukuma ko yana gida a lokacin da aka gindaya masa. Da ita ya buga wa Birmingham City wasa da Tottenham, ya ja safa ya rufe ta. Bayan shekara biyu yana cikin 'yan Liverpool da suka buga wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai.

Ƙofar da ta fi kowacce nauyi ita ce ta jama'a, ko in ce ta jama'a da kuɗi. Labarin Ched Evans ya nuna haka ƙarara. An ɗaure shi shekara biyar a 2012 bisa laifin fyaɗe, ya fito a Oktoba 2014. Da tsohon kulob ɗinsa Sheffield United ya ce zai bar shi ya yi atisaye, sai gari ya ɗauka. Jessica Ennis-Hill, gwarzuwar wasannin Olamfik 'yar garin, ta ce in aka ɗauke shi a cire sunanta daga ɓangaren 'yan kallo da aka sa wa sunan. Kulob ya janye. Oldham ta yi yunƙurin ɗaukarsa a Janairu 2015, masu ɗaukar nauyi suka yi barazanar ficewa, cinikin ya rushe. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ya koma taka leda, aka sake shari'a aka wanke shi. Abin lura shi ne a tsawon wannan dambarwa babu wata ƙa'ida da aka bi. Matsin lamba ne kawai, wanda ya fi ƙarfin murya ya yi rinjaye.

A Barazil abin ya fi muni. Bruno, tsohon golan Flamengo, an yanke masa sama da shekara 22 a 2013 kan kisan matar da ta haifa masa ɗa. Da aka sake shi na ɗan lokaci a 2017 yana jiran ɗaukaka ƙara, nan take wani ƙaramin kulob mai suna Boa Esporte ya ba shi kwantiragi. Kamfanonin talla suka gudu, amma an ga masu neman ɗaukar hoto da shi. Ban san yadda mahaifiyar marigayiyar ta kwana a ranar ba, kuma ban ga alamar kulob ɗin ya tsaya ya yi wannan tunanin ba.

Ra'ayina shi ne wanda ya gama wa'adinsa yana da haƙƙin neman abinci da sana'ar da ya iya. Idan makaniki ko direba zai fito ya koma bakin aikinsa, ban ga dalilin da za a ce ɗan ƙwallo ya zauna ba, kuma tsohon fursunan da aka toshe wa hanyar halal an tura shi ne ga ta banza. Sai dai ƙwallo ba aiki ba ce kaɗai. Akwai tafi a cikinta, akwai waƙe sunan mutum, akwai yaro a Kano ko Maraɗi da zai sayi riga da sunan a baya. Aiki haƙƙi ne, girmamawa kuwa sai an cancanta. Luke McCormick, golan Plymouth, ya kashe yara biyu 'yan gida ɗaya a hatsarin mota yana cikin maye a 2008, aka ɗaure shi shekara bakwai da wata huɗu. Ya fito a 2012, daga baya ya koma Plymouth, kuma a 2014 aka ba shi kambun kyaftin. Komawarsa zan iya kare ta. Kambun nan kuwa bai kamata ba, domin iyayen yaran suna raye, suna gani.

Mun tashi da sanin cewa tuba a kan haƙƙin mutum ba ta cika sai an nemi yafiyarsa ko an biya shi abin da za a iya biya. Kulob-kulob kuwa sun fi duba shekarun ɗan wasa da yawan ƙwallon da zai zura. Lee Hughes ya yi sanadin mutuwar mutum a hatsarin mota, ya gudu daga wurin, aka ɗaure shi shekara shida, ya yi uku, kuma kafin ya fito a 2007 Oldham ta riga ta shirya ɗaukarsa, saboda ya iya cin ƙwallo. Ɗan wasan da ba shi da irin wannan ƙafa, ko da laifinsa bai kai rabin wannan ba, ba wanda zai buga masa waya.

Shi ya sa nake ganin hukumomin ƙwallo su daina ɓuya bayan kulob da kamfanonin talla. Su rubuta ƙa'ida: wane laifi ne ke buƙatar ƙarin dakatarwa bayan an fito, wane magani ko horo za a wajabta wa mai matsalar giya ko duka, wane muƙami ne ba za a ba shi ba, kuma ta wace hanya za a ji ta bakin wanda aka zalunta ko iyalinsa kafin a sa hannu a kwantiragi. Ƙa'idar ta hau kan tauraron Firimiya kamar yadda za ta hau kan ɗan rukuni na huɗu.