GIDAN MARAYUN BIRAI A SALIYO: YADDA AKE KOYA WA BIRI MAI GANGA ZAMAN DAJI

A bayan birnin Freetown, hedkwatar ƙasar Saliyo, cikin duwatsun da kurmi ya lulluɓe kusa da ƙauyen Regent, akwai wani gida mai suna Tacugama. Mazaunansa birai ne fiye da 100, irin manyan nan marasa wutsiya da Turawa ke kira cimfanzi. Hausawan yankin Gashaka a Jihar Taraba kuwa biri mai ganga suke ce masa, saboda al'adarsa ta dukan saiwoyin manyan itatuwa da hannu da ƙafa har amon ya ratsa daji.

Kusan kowane ɗaya daga cikin biran nan maraya ne. Uwar biri mai ganga ba ta sakin ɗanta muddin tana da rai, saboda haka duk jaririn da aka gani ɗaure a bayan gida ko ana tallarsa a bakin hanya, to, an riga an kashe uwarsa, sau da yawa har da waɗansu manyan garken da suka tsaya kare shi. Ƙwato irin wannan jariri daga hannun mai shi aikin yini ɗaya ne. Abin da ke biyo baya shi ne jan aiki, gama biri mai ganga kan yi shekara 50 ko fiye a hannun masu kiwo, kuma ƙoshi kaɗai ba ya wadatar da shi. Yana bukatar abokan zama, yana kuma bukatar abin da zai sa hankalinsa a kai daga safe har yamma.

ASALIN GIDAN

A cikin shekara ta 1988 wani akanta mai suna Bala Amarasekaran, wanda asalinsa mutumin Sri Lanka ne, da matarsa Sharmila, suna tafiya a arewacin Saliyo suka ga wani ɗan biri ɗaure a jikin itace, ya rame, yana gab da mutuwa. Suka biya dala 20 suka tafi da shi gida, suka sa masa suna Bruno, watau sunan wani ɗan damben Ingila da ake yayi a lokacin. Ba a daɗe ba waɗansu marayun suka ƙaru, gida ya yi musu kaɗan, Bruno kuma ya fara zama ƙato wanda ɗaki ba ya iya riƙewa.

Gwamnatin Saliyo ta ba da fili eka 100 a cikin kurmin da ke zagaye da birnin, aka buɗe Tacugama a 1995, ana tsakiyar yaƙin basasar da ƙasar ta yi fama da shi daga 1991 zuwa 2002. 'Yan tawaye sun shiga gidan sun kwashi abinci da magunguna, amma ma'aikata ba su watsar da biran ba, suka riƙa ratsa shingayen 'yan bindiga suna kai musu abinci har aka sami zaman lafiya.

WATA UKU NA FARKO

Sa'ad da aka kawo sabon maraya, ba a haɗa shi da kowa sai ya yi kwana 90 a keɓe. Likitan dabbobi zai auna jininsa, ya duba ko yana da tarin fuka ko tsutsar ciki, ya yi maganin miyakun da igiya ko sarƙa ta bari a ƙugunsa. Waɗansu kan zo da harsashin bindigar da ta kashe uwarsu a jikinsu. Waɗansu kuma sun saba da shayi da burodi da tuwon mutane, har sai an koya musu cin 'ya'yan itace.

A daji ɗan biri mai ganga yana manne da uwarsa dare da rana, yana shan nono har ya kai shekara 4 zuwa 5. Wanda aka raba da uwa tun yana 'yan watanni, in aka bar shi shi kaɗai, yakan ƙi cin abinci, ya rungume kansa, ya yi ta jijjiga gaba da baya. Don haka akan ba shi uwar goyo daga cikin ma'aikata, wadda za ta riƙa ɗaukarsa a jikinta, tana ba shi madara a kwalba, tana tsefe masa gashi da yatsu kamar yadda uwarsa za ta yi, tana kuma amsa masa da irin kukan birai. Amma wannan reno yana da iyaka da gangan. Da zarar jariri ya murmure, sai a fara kai shi cikin sa'o'insa, a riƙa janye hannun mutum kaɗan kaɗan, domin birin da ya shaƙu da mutane fiye da kima yakan sha wuya wajen zama da 'yan'uwansa.

YADDA YINI KE WUCEWA

Manyan biran suna kwana a ɗakunan dare masu ƙarfe, inda aka rataya musu gadajen lilo. Da gari ya waye ma'aikata kan zagaya shingen waya mai lantarki da ya kewaye kowane yanki na kurmin, su tabbata reshe bai faɗo a kansa ba cikin dare, sa'an nan a buɗe ƙofofi garke garke. Lokacin fita shi ne lokacin da mai kula ke ƙare wa kowa kallo: wanda ke tari, wanda ke ɗingishi, wanda ya kwana da rauni saboda faɗa, wanda bai taɓa abincinsa ba.

Kurmin da ke cikin shinge bai isa ya ciyar da wannan taro ba, saboda haka ana ba su abinci sau da yawa a yini: ayaba da gwanda da abarba da lemo, da dankali da ganyaye iri iri, mafi yawa daga hannun manoman ƙasar. Ba a tara abincin wuri ɗaya, gama in aka yi haka manyan maza za su kwashe, ƙanana da tsofaffi su tashi a tutar babu. Watsa shi ake yi ko'ina cikin ciyawa, kowa ya nema. Tsakanin abinci da abinci suna hawan itatuwa, yara suna kokawa, manya suna zaune biyu biyu suna duba gashin juna. Wannan duba gashi shi ne gaisuwarsu, da shi suke ƙulla abota, da shi kuma suke sulhu bayan rigima.

MAGANIN ZAMAN BANZA

Biri mai ganga da ke daji yakan kashe kusan rabin yininsa wajen neman abinci. Dole ya tuna itacen da ya nuna da inda yake, ya yi tafiya mai nisa, ya yi dabara kafin ya ci. Wanda ake miƙa wa abinci a hannu kuwa cikin ɗan lokaci ya gama, sauran yinin ba shi da abin yi. Daga nan ne munanan halaye ke tasowa: tsige gashin jiki har fata ta fito, cizon kai, zirga-zirga a wuri ɗaya, da tsokanar na ƙasa ba dalili. Masu kula da irin waɗannan gidaje sun gane cewa maganin abin shi ne a mayar wa biri wahalar da aka ɗauke masa.

Dabarun da ake bi an ɗauko su daga abin da masana suka gani a daji. A 1960 Jane Goodall, Baturiyar Ingila da ta rasu a 2025, ta ga birai a Gombe ta ƙasar Tanzaniya suna zura tsinke a cikin suri suna zaro gara suna ci, abin da ya rushe zaton da ake yi cewa mutum kaɗai ke ƙera kayan aiki. Bisa ga wannan, a gidajen marayun birai akan gina surin siminti mai ramuka, a zuba zuma ko niƙaƙƙiyar gyaɗa a can ƙasa, biri ya karyo reshe, ya zage ganyen, ya zura ya lasa. Akan huda gora ko guntun itace a cusa gyaɗa a ciki a toshe bakin. Akan ƙunshe abinci cikin buhu a ɗaure tam, ko a rataya shi inda sai an yi tunani kafin a kai gare shi.

Biran Afirka ta Yamma suna da wata gwaninta da ba a san na Gombe da ita ba, watau fasa ƙwara da dutse. A Bossou ta ƙasar Gini da kurmin Tai na Kwaddibuwa, uwa takan ɗora ƙwara a kan dutse ko saiwa ta buga da wani, ɗanta na zaune yana kallo, kuma sai ya yi shekaru yana gwadawa kafin hannunsa ya faɗa. Maraya bai sami wannan makaranta ba. In aka sa shi cikin garken da akwai wanda ya iya, aka ba su ƙwara da duwatsu, yakan koya ta wurin kallo. Haka kuma akan ba su ganye da rassa da yamma, domin a daji kowane babban biri yakan saƙa sabuwar sheƙa a kan itace kowane dare.

Sharaɗin wannan aiki shi ne canji. Wasan da ya ɗauke hankalin biri yau, in aka maimaita shi kullum, ba da daɗewa ba ya gane kansa ya yar. Dole ma'aikata su riƙa sauya dabara, su kuma lura da halin kowa, gama akwai mai haƙuri da zai zauna sa'a guda a kan gora ɗaya, akwai kuma mai jiran wani ya buɗe ya ƙwace.

Duk da haka masana sun haɗu a kan cewa babu abin da ke gyara maraya kamar 'yan'uwansa. Haɗa baƙo da garke kan ɗauki makonni ko watanni. Da farko za su ga juna ta cikin raga, sa'an nan a shigar masa da ɗaya mai sanyin hali, daga baya a ƙara wani, har a kai ga shugaban garke. Kuskure a wannan mataki na iya jawo mummunan rauni. Matan kuwa ana sanya musu maganin hana ɗaukar ciki a ƙarƙashin fata, domin wurin da jariri haifaffen gida zai cika, akwai marayan da ke jiransa a waje.

BIRI YA YI KAMA DA MUTUM

Hausawa kan ce biri ya yi kama da mutum, binciken kimiyya kuma ya nuna cewa ƙwayoyin halittar biri mai ganga da na ɗan Adam sun yi daidai da fiye da kashi 98 cikin 100. Wannan kusanci yana da haɗari, gama murar da mutum zai warke daga gare ta cikin mako guda tana iya kashe biri. Shi ya sa ake hana masu ziyara taɓa su.

Cuta ta yi wa Tacugama ɓarna ƙwarai. Tsakanin 2005 da 2018 birai 56 suka mutu da wata cuta mai kumbura ciki da sa tangaɗi, wani lokaci a kwana lafiya a wayi gari da gawa. Sai a 2021 masu bincike suka ba da sanarwar cewa sun gano wata sabuwar ƙwayar cuta da ke da alaƙa da mace-macen.

Ƙarfin biran ma abin tsoro ne. A watan Afrilu na 2006 birai 31 suka tsere daga shinge, Bruno na cikinsu, suka kashe wani direba, suka raunata waɗansu mutane. Daga baya 27 suka dawo ko aka dawo da su, amma Bruno da waɗansu 3 ba su koma ba. Wannan ya isa gargaɗi ga duk mai sha'awar ajiye ɗan biri a gida: jaririn da ake goyo yau, cikin shekara 7 ko 8 zai fi ƙarfin maigidansa.

MAKOMAR KURMIN

Ƙidayar da aka kammala a 2010 ta nuna akwai birai masu ganga wajen 5,500 a dazuzzukan Saliyo, fiye da rabinsu a wajen gandun da hukuma ke tsaro. A Afirka ta Yamma baki ɗaya yawansu ya ragu da kashi 80 cikin 100 tsakanin 1990 da 2014, har a 2016 aka sa su cikin jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Macen takan haihu sau ɗaya ne cikin shekara 5 ko 6, saboda haka garken da aka kashe wa uwa guda yakan daɗe bai mayar da gurbinta ba. A 2019 gwamnatin Saliyo ta ayyana biri mai ganga a matsayin dabbar ƙasa.

Amma birnin Freetown yana ta hawa duwatsu, ana sare itatuwa ana gina gidaje har kusa da shingen Tacugama. A 2025 masu gidan suka rufe ƙofa ga masu ziyara har tsawon watanni, ko da yake kuɗin shiga na cikin abin da suke ciyar da biran da shi, don su tilasta wa hukuma ta hana cin iyakar kurmin. Maganar ta shafi mutane kamar yadda ta shafi birai. Kurmin nan ne ke tara ruwan madatsar Guma wadda birnin ke sha, kuma a ranar 14 ga Agusta 2017 wani ɓangaren dutse ya zaftare a Regent bayan ruwan sama mai yawa, mutane fiye da 1,000 suka halaka ko suka ɓace.

Nijeriya ma tana da nata kason. Wani jinsin biri mai ganga da ba a samunsa sai a Nijeriya da Kamaru yana zaune a gandun Gashaka Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, akwai kuma gidan da ke karɓar marayunsa a Jihar Kuros Riba. Ma'aikacin gandun daji ko na kwastan da ya tsare ɗan biri a kan hanya, da ɗalibin da ya gaya wa mutanen garinsu dalilin da ya sa bai kamata a saya ba, su ne ke rage yawan marayun da za a ɗauki shekara 50 ana reno. Wanda ya sayi jariri ɗaya, ko da don tausayi ne, ya ba maharbi dalilin komawa daji ya harbe wata uwar.