Tarihin Waƙar "Mbube" a Faifai

A cikin waƙoƙin da suka game duniya, kaɗan ne ake iya bin sawunsu faifai bayan faifai kamar waƙar nan da Turawa ke kira "The Lion Sleeps Tonight". Tarihinta kuwa yana nuna yadda waƙa takan ƙara nisa da mai ita duk sa'ad da aka sake ɗaukarta, har a wayi gari an mance da shi.

Wanda ya tsara ta shi ne Solomon Linda, wani ɗan ƙabilar Zulu a Afirka ta Kudu. A 1939 shi da 'yan amshinsa, waɗanda ake kira Evening Birds, suka rera ta a kamfanin Gallo da ke Johannesburg, aka buga ta a faifan garmaho da sunan "Mbube", wato zaki da harshen Zulu. 'Yan amshi suna riƙe da gindin waƙar da manyan muryoyi, shi kuwa Linda yana hawa bisa da siririyar murya. Dab da ƙarewa sai ya jefa wani ɗan gajeren kari, wanda shi ne daga baya duniya ta haddace. Sule goma aka ba shi, waƙa ta zama ta kamfani. Kafin 1950 an sayar da faifai wajen 100,000, har sunan waƙar ya zama sunan wannan irin rerawa ɗungum.

Daga nan faifan ya ƙetare teku zuwa Amurka, inda Alan Lomax, masanin waƙoƙin gargajiya, ya nuna wa mawaƙi Pete Seeger shi. Seeger bai ji Zulu ba. Da ya saurari amshin, sai kunnensa ya juya kalmar zuwa "Wimoweh", wadda ba ta da ma'ana a kowane harshe. Da wannan suna ƙungiyarsa, Weavers, ta ɗauki waƙar a 1951, aka rubuta "Paul Campbell" a matsayin mai ita, alhali kuwa sunan aro ne da 'yan ƙungiyar kan sa wa waƙoƙin da aka ɗauka ba su da mai su. Abin lura ga masu nazarin harshe shi ne, da ma'anar kalmar ta ɓace, sai alamar asalin waƙar ta ɓace tare da ita.

A 1961 George David Weiss ya ɗora baitocin Turanci a kan ɗan karin nan na Linda, ƙungiyar Tokens ta rera, faifan ya zo na ɗaya a Amurka. Linda kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci. A 1982 ƙungiyar Tight Fit ta kai waƙar na ɗaya a Ingila, a 1994 kuma kamfanin Disney ya sa ta a cikin fim ɗin "The Lion King".

Ba a waiwayi mai ita sosai ba sai a 2000, da marubuci Rian Malan ya bayyana labarin a mujallar Rolling Stone. A 2004 aka kai ƙara a madadin magadan Linda, aka dogara da wata dokar Ingila ta 1911 wadda ta ce hakkin mawallafi yakan koma hannun magadansa bayan shekara 25 da rasuwarsa. A 2006 aka yi sulhu da kamfanin Abilene Music, aka yarda a biya magada, a kuma riƙa ambaton Linda cikin waɗanda suka tsara waƙar.

Shekara 67 ke nan tsakanin faifan farko da wannan sulhu. Abin da ya sa hujjar magada ta tsaya kuwa shi ne faifan 1939 yana nan, da muryar Linda da sunansa a jiki. Saboda haka wajibi ne ga duk mai tattara waƙoƙin baka ya rubuta sunan mawaƙi da wuri da shekara, kada ya wadatu da cewa "ta gargajiya ce".